Tambaya Ɗaya, Amsa Uku

 Darasinmu na wannan makon a kan jifa ne. Ba jifan mangwaron bayan aji da ya jawo wa wasu sharar fili a zangon da ya wuce ba. Jifa a takarda muke nufi, wato lissafin yadda abin da aka wurga yake tafiya har ya faɗo ƙasa. Mun san wani zai ce ina ruwan 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare da wannan, ai karatun 'yan SS 2 ne a darasin fiziks. Haka ne. Mu ma a kulob ɗin kimiyya muka gamu da shi, kuma gamon bai yi mana daɗi ba. Shi ya sa muka ce bari mu rubuta tun kafin wasu su faɗa ramin da muka faɗa.

Ga yadda aka yi. Makonni uku da suka wuce, ranar Laraba, malaminmu na kimiyya ya ba 'yan kulob aikin gida. Ya ce maki goma ne, kuma da shi zai cike gurbi ɗaya da ya rage cikin waɗanda za su wakilci makaranta a gasar kacici-kacici. Da Turanci tambayar take. Ga ta da Hausa kamar yadda muka kwafe ta daga allo:

"An jefa dutse daga saman hasumiya mai tsayin mita 25, da gudun mita 20 a sakan. Bayan sakan nawa zai taɓa ƙasa?"

Iyakarta ke nan. Mu huɗu ne daga ajinmu muke cikin kulob ɗin, kowa ya tafi gida ya yi nasa. Ranar Juma'a da aka fita tara muka buɗe littattafai don mu gwada amsa. Ɗaya ya samu sakan 1. Ɗaya ta samu sakan 5. Mu biyu, har da mai riƙe da wannan biro, muka samu sakan 2.2. Nan musu ya kaure. Wanda ya samu 1 ya ce ai dutse ba ganye ba ne da zai yi sakan 5 yana yawo a sama. Wadda ta samu 5 ta ce shi ma ya je ya sake koyon ƙirga. Mu kuwa da yake mu biyu ne sai muka riƙa jin gaskiya tana wajenmu. Muka musanya littattafai, kowa yana neman kuskuren ɗan'uwansa, har ƙosan da muka saya ya huce. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne babu wanda ya yi kuskuren lissafi ko ɗaya.

Yadda dutse yake faɗowa

Kafin mu nuna inda aka rabu, sai mun fara da abin da Malam ya koya mana tun farko, don wanda bai san shi ba ba zai bi mu ba.

Duk abin da aka saki daga sama, ƙasa tana jan sa. Jan nan ba ya tsayawa, saboda haka gudun abin ƙaruwa yake ta yi. A cikin kowane sakan, gudunsa yana ƙaruwa da kusan mita 10 a sakan. Wannan lambar ce ake rubutawa da harafin g a littattafai. Idan ka saki dutse daga hannu, da sifili yake farawa. Bayan sakan 1 yana gudun mita 10 a sakan, bayan sakan 2 yana gudun 20, bayan sakan 3 yana gudun 30, haka nan.

To mita nawa yake faɗowa a kowane sakan? Tun da gudun canzawa yake yi, sai a ɗauki tsakiya. A sakan na farko ya fara da 0 ya ƙare da 10, tsakiyarsu 5, to mita 5 ya faɗo. A sakan na biyu ya fara da 10 ya ƙare da 20, mita 15 ke nan. Na uku mita 25, na huɗu mita 35. Idan kana tarawa za ka ga bayan sakan 1 ya yi mita 5, bayan 2 ya yi 20, bayan 3 ya yi 45, bayan 4 ya yi 80. Akwai gajeriyar hanya: ka ninka adadin sakan da kansa, sannan ka yi sau 5. Misali 3 sau 3 tara ne, sau 5 kuma 45.

Ku duba lambobin nan 5, 15, 25, 35. Idan aka raba kowace da 5 za a samu 1, 3, 5, 7. Wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Galileo ne ya gano wannan tsari. A zamaninsa babu agogon da zai iya auna faɗuwar dutse, don haka sai ya riƙa gangara ƙwallayen ƙarfe a kan katakon da aka jingine, don tafiyar ta yi sanyi ya iya aunawa. Ya bayyana abin da ya gano a wani littafi da aka buga a shekarar 1638, shekara huɗu kafin ya mutu.

Idan kuma sama aka jefa abu, jan ƙasa rage masa gudu yake yi, 10 a kowane sakan, har ya tsaya cik ya juyo.

Inda muka rabu

Abokinmu da ya samu sakan 1, da ya karanta "an jefa dutse daga saman hasumiya" sai ya hango mutum ya leƙo yana jifan wani abu da ke gindinta. Wato ƙasa aka nufa da dutsen. Ya fara da gudun 20, bayan sakan ɗaya ya koma 30, tsakiya 25. Tsayin hasumiyar ma 25. Sakan 1 cif. Ya ce da ya ga lambar ta fito sumul haka, nan take ya rufe littafi.

Wadda ta samu 5 ita sama ta jefa nata. Sakan na farko gudu ya sauko daga 20 zuwa 10, dutse ya hau mita 15. Sakan na biyu daga 10 zuwa 0, ya ƙara mita 5. Ke nan ya kai mita 20 sama da kan hasumiyar, a haɗa da tsayinta 25, yana mita 45 daga ƙasa. Daga nan ya faɗo kamar an sake shi, kuma mun riga mun ga mita 45 sakan 3 take ci. Biyu na hawa, uku na sauka, 5 ke nan. Ita ma lambarta ta fito sumul.

Mu kuma gaba muka jefa namu, a kwance, ba sama ba ƙasa, kamar mai jifan bangon da ke daidai da fuskarsa. Gudun 20 ɗin duk na zuwa gaba ne, babu ko kaɗan da ya nufi ƙasa. Saboda haka faɗowarsa daidai take da ta dutsen da aka saki kawai. Sakan sau sakan sau 5 ya ba 25, ke nan sakan sau sakan ya ba 5. Wace lamba ce idan ta ninka kanta take ba 5? Ta fi 2, ba ta kai 3 ba. Kalkuleta ta ce 2.24. A wannan lokacin dutsen ya yi gaba da kusan mita 45 daga gindin hasumiyar.

Kun gani? Dutse uku ne daban muka jefa. Tambayar ba ta faɗi inda aka nufa da jifar ba, kowannenmu sai ya cike gurbin da hoton da ya fara zuwa masa a kai, kuma bai ma san ya cike wani abu ba. Wannan ne babban haɗarin. Da a ce mun lura akwai giɓi, da mun tambaya tun ranar Laraba.

Ranar Litinin Malam ya karɓi littattafai. Da ya dawo da su, abin da ya fara yi shi ne ya buɗe littafin da ya ciro tambayar, ya karanta mana. A can akwai kalma ɗaya da ke nufin "a kwance". Ya ce lokacin da yake rubutawa a allo an kaɗa ƙararrawar tashi, sai ya tsallake ta, kuma ya ce laifin nasa ne. Mu biyu muka kalli juna muna murmushi, don amsar littafi tamu ce. Sai muka buɗe muka ga maki 7. Wanda ya samu sakan 1 shi ma 7. Wadda ta samu sakan 5, amsar da ba ta cikin littafi, ita ce ta ci 10, kuma ita aka saka a gurbin gasar.

Ɗaya daga cikinmu ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, ai tamu ce daidai."

Malam ya ce, "Daidai da me? Da tambayar da ke allo, ko da wadda ba ku taɓa gani ba?" Sai ya ɗaga littafin ƙawarmu ya nuna wa kowa layin farko. Kafin ta fara lissafi ta rubuta: "Tambaya ba ta faɗi inda aka nufa ba. Na ɗauka sama aka jefa." Ya ce ita kaɗai ce ta ga ramin. Sauran mun tsallake shi ne ido a rufe, biyu sun dira daidai bisa sa'a, kuma shi ba ya ba sa'a maki.

Ba za mu ɓoye ba, abin ya yi mana zafi. Har yau ɗaya daga cikinmu yana cewa ko 8 ya kamata a ba mu. Amma da muka sake duba aikinmu, babu inda muka rubuta cewa a kwance muka jefa. Wanda ya karanta zai ga mun ajiye lambar 20 gefe ba mu yi amfani da ita wajen neman lokaci ba, kuma ba mu faɗi dalili ba. Zai iya cewa mantawa muka yi.

Da yake wasu a kulob ba su yarda cewa gudun zuwa gaba ba ya jinkirta faɗuwa ba, sai muka gwada. Ku ma kuna iya yi a gida. Mun samo tsoffin kwandala biyu. Muka ajiye ɗaya a bakin tebur dab da faɗuwa, muka harbo ɗayar da yatsa ta goge ta. Ta farko ta faɗa kusa da ƙafar tebur, ta biyu ta yi tsalle can gaba. Ku rufe ido ku saurara: ƙara ɗaya za ku ji, ba biyu ba. Mun maimaita ya fi sau goma, har monita ya zo ya ce muna damun mutane. Tsayin teburin santimita 80 ne, wato mita 0.8, kuma lissafi ya ba mu sakan 0.4 na faɗuwa. A wani gwajin kwandalar ta dira mita 1.2 daga tebur. Raba 1.2 da 0.4, ka ga ta bar tebur da gudun mita 3 a sakan. Da rula kawai muka auna gudun yatsa.

Amma ga abin da ya fi ba mu mamaki a duk darasin. Malam ya ce mu canza tambayar, maimakon "bayan sakan nawa", mu ce "da wane gudu zai bugi ƙasa?" Wanda aka jefa ƙasa ya isa da gudun 30, mun riga mun gani. Wanda aka jefa sama ya yi sakan 3 yana faɗowa daga tsaye, 10 sau 3, shi ma 30. Namu na kwance yana da gudu biyu a lokaci guda, 20 zuwa gaba da 22.4 zuwa ƙasa. Ana haɗa su da ƙa'idar Fitagoras da muka yi a darasin lissafi: 20 sau 20 ya ba 400, 22.4 sau 22.4 ya ba kusan 500, jimla 900. Lambar da ke ninka kanta ta ba 900 ita ce 30. Duk ukun 30! Ke nan da wannan aka tambaya, kalmar da ta ɓace ba za ta cutar da kowa ba. Ba duk abin da tambaya ta yi shiru a kansa ne yake da muhimmanci ba. Aikinka shi ne ka gwada ka gani: idan na canza shi, amsa za ta motsa? Idan ba ta motsa ba, wuce. Idan ta motsa, tsaya ka rubuta.

Sauran abubuwan da ake yin shiru a kansu

Tun daga ranar muka shiga farautar irin waɗannan giɓi, muka aro littafin wani yayanmu ɗan SS 2. Ashe ko tambayar da aka rubuta cikakkiya tana tsaye ne a kan abubuwan da ba a faɗa ba.

Babbansu iska. Duk lissafin da muka yi a sama mun yi shi ne kamar babu iska a duniya. Ɗauki takarda biyu daga littafi ɗaya, ka dunƙule ɗaya ka bar ɗaya a buɗe, ka sake su tare. Nauyinsu ɗaya, amma dunƙulalliyar za ta riga isa, don iska ba ta samu wurin tare ta sosai ba. Ga dutse mai nauyi da tafiyar mita 25, tarewar iska ƙarama ce, ana iya kau da kai. Ga balan-balan ko gashin kaza kuwa, lissafin rushewa yake yi gaba ɗaya. Mun lissafa ɗigon ruwan sama da ya taso daga gajimare mai nisan mita 2,000. Da babu iska, sakan 20 zai yi, ya iso da gudun mita 200 a sakan, wato kilomita 720 a awa. Da haka ne da babu mai fita da damina ko da lema. A zahiri iska tana riƙe shi, manyan ɗigo ma ba sa wuce mita 9 zuwa 10 a sakan. Wurin da babu iska da gaske shi ne duniyar wata. A shekarar 1971 wani ɗan sama-jannatin Amurka, David Scott, ya tsaya a can ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a gaban kyamara, suka dira lokaci ɗaya. A nan kuwa duk wanda ya taɓa tsaron gida da hunturu, ya buga ƙwallo iska ta dawo masa da ita, ya san littafi bai faɗi komai da komai ba.

Sai kuma ita kanta g. Mun ce 10, amma 10 ɗin sauƙaƙawa ce. Ainihinta kusan 9.8 ce, kuma ba ɗaya take a ko'ina ba. A tsakiyar duniya, inda ƙasarmu take kusa da shi, kusan 9.78 ce, a can ƙarshen arewa da ƙarshen kudu inda ƙanƙara take kuma kusan 9.83. Idan ka sa 9.8 a tambayar hasumiya za ka samu 2.26 maimakon 2.24. Bambancin kaɗan ne, amma ya isa ya sa ka goge aikin da yake daidai don ka ga bai yi daidai da na bayan littafi ba. Tambayoyin jarrabawa da muka gani a littafin Yaya sukan faɗi wadda za a ɗauka a ƙarshen tambaya. Idan an faɗa, bi. Idan ba a faɗa ba, zaɓi ɗaya ka rubuta. A wata kuwa g kusan 1.6 ce, dutsenmu na kwance zai yi sakan 5.6 kafin ya dira. Babu malamin da zai rubuta "a wannan duniyar aka yi jifar", amma shi ma ɗauka ce.

Akwai wani ƙarami da ya kusa sake kama mu. "Yaro ya jefa ƙwallo sama da gudun mita 10 a sakan. Iya wane tsayi za ta kai?" Sakan ɗaya take hawa, tsakiyar 10 da 0 biyar ne, mita 5. Amma mita 5 daga ina? Daga hannun yaron. Idan hannunsa yana mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ƙwallon ta kai mita 6.5 ke nan ga mai aunawa daga ƙasa. Littafi yakan mai da yaron kamar ba shi da tsayi. A tambayar hasumiya, ƙara tsayin mai jifa zai mai da 2.24 zuwa 2.30 ne kawai, ba abin tada hankali ba. A nan kuwa ya kusa kashi ɗaya cikin uku na amsar. Abu ɗaya ne, a wata tambayar a yafe shi, a wata ba ya yafuwa.

Nauyi kuma akasin haka ne. Wani lokaci za a ce dutse mai nauyin kilo 2, ka yi ta neman inda za ka cusa 2 ɗin. Muddin an kau da iska, ba ta da wurin zama a lissafin lokaci ko nisa.

Wanda muka fi jin daɗinsa shi ne maganar digiri 45. Kusan kowane ɗan babban aji da muka tambaya ya haddace cewa jifa ta fi nisa idan aka karkata ta digiri 45, wato rabi tsakanin kwance da tsaye. Mun gwada da tiyon ban-ruwa na lambun makaranta, da izinin mai gadi. Ruwan yana fita ya lanƙwasa kamar baka, kuma wannan lanƙwasar ita ce hanyar da dutse ma yake bi, sai dai shi ido ba ya kama shi. Muka ajiye bakin tiyon a ƙasa muna ɗaga shi a hankali. Ruwan ya riƙa yin gaba, ya kai iyakarsa wajen rabi, sannan ya fara dawowa baya har ya jiƙa mana safa. A takarda, gudun mita 20 a digiri 45 yana kai mita 40. Mu ba mu kai lissafin kusurwa ba tukuna, Yaya ne ya buga mana: a digiri 30 mita 34.6, a digiri 60 ma mita 34.6. Ɗaya ta bi ƙasa-ƙasa cikin sakan 2, ɗaya ta yi sama ta ɗauki kusan sakan 3.5, amma wuri ɗaya suke dira. To idan aka ba ka nisa aka ce nemo kusurwa, amsa biyu ce, ko da bayan littafi ɗaya ya kawo.

Kuma ita 45 ɗin tana da sharaɗin da ba a cika faɗa ba: sai inda aka tashi da inda aka dira suna daidai da juna. Muka ce, "Yaya, a saman hasumiyarmu fa?" Ya ce 45 mana, sannan ya ɗan yi shiru, ya ɗauki kalkuleta. A digiri 45 ya samu kusan mita 57. A digiri 34 ya samu mita 60. Ya sake bugawa sau biyu kafin ya yarda. Shi ya sa masu wurga dunƙulen ƙarfe a wasannin motsa jiki ba sa kai 45, ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙarfen yana barin hannunsu sama da inda zai dira.

Na ƙarshe ba zai taɓa rage wa kowa maki ba, amma ba za mu iya barin sa ba. Duk tambayoyin nan suna ɗauka ƙasa a shimfiɗe take kamar tabarma. Ga tafiyar mita 45 babu laifi. Amma duniya a dunƙule take, a duk kilomita 8 tana lanƙwasawa ƙasa da kusan mita 5. Ku tuna, mita 5 shi ne abin da dutse yake faɗowa a sakan na farko. Masanin nan ɗan Ingila, Isaac Newton, ya yi tunanin igwa a kan wani dogon dutse tana harbi a kwance. Idan harsashin ya kai gudun kusan kilomita 8 a sakan, kuma babu iska, yana faɗowa ƙasa tana kauce masa, ba zai taɓa dira ba, sai dai ya yi ta zagaye duniya. Tauraron ɗan'adam haka yake tafiya. Jifa ce da ba ta sauka ba.

Yanzu kafin mu taɓa lamba ko ɗaya, zane muke fara yi, ko da mummuna ne: hasumiya, ɗan mutum a kai, da kibiya mai nuna inda aka nufa. Mun lura wurin zana kibiyar ne asirin tambaya yake tonuwa, don ba za ka iya zana ta ba sai ka san inda ta dosa. Da mun yi zane ranar Laraba da dare, da biro ya tsaya mana a nan. Bayan zane sai mu rubuta layi biyu ko uku a saman aiki, kamar haka: "Na ɗauka babu tarewar iska. Na ɗauki g a matsayin 10. Na auna tsayi daga inda dutse ya bar hannu." Minti ɗaya bai cika ba an gama. Idan giɓin babba ne irin na hasumiya, kuma Malam yana kusa, a tambaye shi kawai, ba abin kunya ba ne. Idan ba ya kusa kuma akwai lokaci, a yi duk hanyoyin, a nuna wadda aka fi zato. Ƙawarmu ta ce da ta san za a yi haka da duk ukun ta yi.

Wannan dabarar ba ta aiki a tambayoyin canki-canka, inda babu wurin rubuta bayani. A can sai ka bi abin da aka saba: babu iska, ƙasa a shimfiɗe, "an saki" yana nufin an fara da sifili. Wani lokaci ma amsoshin huɗu ne za su gaya maka wace g mai tambaya ya ɗauka. Kuma kada a wuce gona da iri. Wani a kulob ya ji labarin makin ƙawarmu, a aikin da ya biyo baya ya cika rabin shafi da "na ɗauka tsuntsu bai tare dutsen ba, na ɗauka hasumiyar ba ta rushe ba." Malam ya ja masa dogon jan layi.

Ga tambayar wannan makon. An harba ƙwallo sama daga ƙasa da gudun mita 30 a sakan. Bayan sakan nawa za ta kasance a tsayin mita 40? Ba a buƙatar kalkuleta, hanyar sakan-sakan da muka nuna a sama ta isa. A bi ƙwallon har ta dawo ƙasa kafin a ajiye biro. A rubuta suna da aji da abin da aka ɗauka, a jefa a akwatin kulob da ke gefen ofishin malamai kafin tashi ranar Alhamis. Takardar da babu "na ɗauka" a samanta ba za mu karanta ta ba. Wanda ya ci yana da biro biyu, kuma sunansa zai fito a wannan allon mako mai zuwa in Allah ya kai mu.